Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Dangin Ƙwayar Tarin Fuka a Duniya da a Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tari, ya kuma rarraba shi gida-gida. Akwai tarin mura wanda ke zuwa da sanyi ya tafi da kansa, akwai tarin shiƙa na yara, akwai kuma tarin fuka, wanda ke daɗewa a jikin mutum ya ramar da shi, ya sa masa zazzaɓin yamma da gumin dare, wani lokaci har ya riƙa kakin jini. Wannan na ƙarshe shi aka fi tsoro, shi kuma asibitocin ƙasar nan suka fi yi wa tanadi. Saboda haka duk wanda ya daɗe yana tari yana ramewa, da shi da danginsa da ma'aikacin asibiti, zuciyarsu wuri guda take tafiya.

To, amma masana sun tabbatar da cewa ƙwayar da ke haddasa tarin fuka tana da dangi masu yawa, fiye da iri 190, waɗanda mazauninsu na asali shi ne turɓaya da ruwa. Wasu daga cikinsu kan shiga huhun ɗan Adam su jawo ciwon da ke kama da tarin fuka ƙwarai da gaske, alhali maganin tarin fuka ba ya kashe yawancinsu. Wani abin lura kuma shi ne, irin da ya fi yawa a wata ƙasa ba shi ne ya fi yawa a wata ba. Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana waɗannan ƙwayoyi, ta nuna yadda suka rarrabu a duniya da dalilan rarrabuwar, sa'an nan ta dawo gida ta dubi unguwannin Kaduna da ke kudu da kogi, domin a ga abin da wannan ilmi ya shafa a can. Tun da yake Hausa ba ta riga ta raɗa musu suna ba, a cikin wannan lacca za a riƙa kiran su dangin nesa.

Gida Ɗaya, Hali Daban

A ranar 24 ga watan Maris na shekara ta 1882 ne Robert Koch ya bayyana wa likitoci a birnin Balin na ƙasar Jamus cewa ya gano ƙwayar tarin fuka. Shekara tara kafin wannan, watau a 1873, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya riga ya ga ƙwayar kuturta. Daga baya aka gane cewa su biyun 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira maikobakteriya. Alamar 'yan wannan gida ita ce wata riga mai kauri mai maiƙo da ke lulluɓe da jikinsu. Idan aka rina su da wani jan rini aka wanke da asid, rinin ba ya fita, sai a hango su a madubin likita kamar 'yan guntayen jan zare. Da wannan dabara ce aka shafe fiye da shekara ɗari ana binciken kakin masu tari a duniya duka.

Gidan ya kasu kashi uku. Kashi na farko su ne ƙwayar tarin fuka da 'yan uwanta na jini, kamar ta shanu, wadda ake iya ɗauka ta madarar da ba a dafa ba, da kuma wadda aka fara bayyanawa a Dakar ta ƙasar Sanagal a 1968 aka sa mata suna africanum, wadda kusan ba a samun ta sai a Afirka ta Yamma. Waɗannan duka tarin fuka na haƙiƙa suke jawowa. Kashi na biyu ita ce ƙwayar kuturta. Kashi na uku su ne dangin nesa.

Babban abin da ya raba kashi na farko da na uku shi ne hanyar kamuwa. Ƙwayar tarin fuka ta mutane ba ta da gona sai jikin mutum; daga ƙirjin wani take fita ta shiga ƙirjin wani. Dangin nesa kuwa ba su da bukatar mutum ko kaɗan. Suna zaune a ƙasar gona, da fadama, da kogi, da bututun famfo, da tankin ruwa. Mutum kan shaƙe su ne cikin ƙura ko cikin feshin ruwa, kuma in banda 'yan lokuta ƙalilan da aka gani tsakanin masu wani ciwon huhu na gado a ƙasashen Turai, mai ɗauke da su ba ya harbin na kusa da shi.

An daɗe ana ganin su a ɗakunan gwaji ana ɗaukar su datti kurum. Sai a shekarun 1950, da maganin tarin fuka ya samu, likitoci a Amurka suka lura da wasu majinyata da ake ba magani ba sa warkewa, iyalansu kuma ba sa kamuwa. A shekara ta 1959 wani masani mai suna Ernest Runyon ya kasa waɗannan ƙwayoyi gida huɗu bisa ga yadda suke tsiro a kwalbar gwaji: masu zama rawaya idan sun ga haske, da masu launi ko da a duhu, da marasa launi, da masu saurin tsiro waɗanda ke bayyana cikin mako guda. A yau da ƙwayoyin halittarsu ake tantance su, shi ya sa yawan ire-iren da aka sani yake ta ƙaruwa.

Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Wanda ya saurari sunayen waɗannan ƙwayoyi zai ji labarin ƙasa a cikinsu, domin da yawansu an raɗa musu suna ne da wurin da aka fara ganin su ko dabbar da aka same su a jikinta.

Irin da ake kira kansasii an bayyana shi ne a 1953 a birnin Kansas na Amurka. Ba a cika samun sa a turɓaya ba. Ruwan famfon birane ya fi so. An fi ganin sa a garuruwan masana'antu da na haƙar ma'adinai, kamar yankunan haƙar kwal na ƙasar Folan da maƙwabtanta, da kuma tsakanin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. Irin da ake kira xenopi an samo shi ne a 1959 a jikin wani kwaɗo a ɗakin gwaji a Ingila. Yana jure zafi, saboda haka yakan yi gida a bututun ruwan zafi na manyan gine-gine, an kuma fi samun sa a Hangari, da kudu maso gabashin Ingila, da lardin Ontariyo na Kanada. Shi kuwa malmoense sunan birnin Malmo na ƙasar Suwidin ya ci, inda aka bayyana shi a 1977, kuma har yanzu ƙasashen sanyi na arewacin Turai ne gidansa. Akwai simiae, wanda aka fara samu a jikin birai a 1965, aka kuma fi jin labarinsa a Isra'ila da Labanan da Iran. Akwai abscessus, mai saurin tsiro mai taurin kai, wanda ya fi damun ƙasashen gabashin Asiya irin su Taiwan da Koriya ta Kudu.

Gaba da waɗannan duka akwai wasu tagwaye, avium da intracellulare, waɗanda masana kan haɗa su rukuni guda. Na farkon a jikin tsuntsaye aka fara sanin sa, na biyun kuwa a wani asibitin masu tarin fuka a Jihar Jojiya ta Amurka. Wannan rukuni ya karaɗe duniya, amma ko shi ɗin ma ba daidai ya rarrabu ba. A ƙasar Japan, alal misali, avium ya fi yawa a arewa da gabas, intracellulare ya fi yawa a kudu da yamma, alhali ƙasa ɗaya ce, jama'a ɗaya, tsarin asibiti ɗaya.

Wani bincike mai faɗi a kan wannan batu shi ne wanda aka buga a shekara ta 2013, inda aka tattara sakamakon shekara ta 2008 daga ɗakunan gwaji 62 a ƙasashe 30. An duba mutum 20,182, aka sami iri 91 daban-daban. Rukunin tagwayen nan shi ya ɗauki kashi 47 cikin 100 na jimla, amma a Ostireliya ya kai kashi 71, a Amurka ta Kudu kuwa bai wuce kashi 31 ba. A Hangari kusan rabin abin da aka samu xenopi ne, irin da da ƙyar ake ganin sa a Asiya. Abin da ya kamata ɗalibin Afirka ya lura da shi a wannan bincike shi ne, daga cikin ƙasashen nan 30, ƙasa ɗaya tak ce ta wakilci nahiyar Afirka, watau Afirka ta Kudu. Babu Nijeriya, babu Nijar, babu Gana.

Dalilan Bambanci

Dalili na farko shi ne ƙasa da ruwa da yanayi. Tun da ƙwayoyin a muhalli suke, abin da muhallin ya raina shi ne zai shiga ƙirjin mutanen wurin. An gano cewa rukunin tagwayen yana son ƙasa mai tsami da ruwan fadama mai ɗumi. Daga shekara ta 1958 zuwa cikin shekarun 1960 an yi wa dubban ɗaruruwan kuratan sojan ruwa na Amurka wani gwajin fata wanda ke nuna ko jikin mutum ya taɓa haɗuwa da wannan rukuni. Da aka jera sakamakon bisa ga garuruwan da samarin suka tashi, sai aka ga 'yan kudu maso gabas, ƙasar zafi da laima, sun fi kowa nuna alamar. A cikin jihohin Amurka kuma tsibiran Hawai ne kan gaba wajen yawan masu wannan ciwo.

Dalili na biyu shi ne aikin hannun ɗan Adam. Rigar nan mai maiƙo tana kare dangin nesa daga sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan sha. Kulorin yakan kashe sauran ƙwayoyi ya bar musu fili, su manne a cikin yauƙin da ke taruwa a jikin bututu su yi ta yaɗuwa. Saboda maiƙon kuma ba sa son zama cikin ruwa tsundum. Da zarar ruwa ya fantsama, kamar a wurin wanka da shawa, sai su bi feshin su tashi sama. Ke nan yadda gari ya shimfiɗa bututunsa, da yadda mutane ke ajiye ruwa da yin wanka, duk suna da hannu wajen zaɓen irin da zai yawaita.

Dalili na uku shi ne huhun mutanen wurin. Kowa yana shaƙar waɗannan ƙwayoyi, amma mai lafiyayyen huhu yakan fitar da su ba tare da ya sani ba. Wanda suke kamawa shi ne wanda huhunsa ya riga ya sami rauni: wanda ya taɓa yin tarin fuka ya bar masa tabo ko kogo, da wanda taba ko hayaƙi suka lalata wa hanyoyin numfashi, da wanda ƙurar dutse ta cika wa ƙirji kamar mahaƙan Afirka ta Kudu, da mai ciwon ƙanjamau, da tsofaffi. A Japan da Amurka tsofaffin mata marasa jiki waɗanda ba su taɓa shan taba ba suna da yawa a cikin majinyatan. A Afirka kuwa tabon tarin fuka da ƙanjamau su ne manyan ƙofofi.

Dalili na huɗu bai shafi ƙwayar ba, ya shafi mai neman ta ne. Madubin likita ba ya iya raba ɗan gida da dangin nesa, domin duka jan zare ɗaya suke nunawa. Sai an raini ƙwayar a kwalba na makonni, sa'an nan a tantance ta da kayan aiki masu tsada. Ƙasar da ba ta da waɗannan kaya ba za ta ba da rahoton komai ba, sai gurbinta a taswira ya zauna fari fat, a zaci lafiya ce.

Akwai wani abu da ke nuna cewa wannan bambanci ba na ɗakin gwaji ba ne kaɗai. Allurar rigakafin tarin fuka ta BCG, da aka gwada ta a Ingila daga 1950, ta kare kusan kashi 80 cikin 100 na matasan da aka yi wa. Da aka gwada ta a gundumar Cingilifut ta kudancin Indiya daga 1968, ba a ga ta kare manya daga tarin fukar huhu ba. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka fi yarda da su shi ne, mutanen ƙasashen zafi sun riga sun saba da dangin nesa tun suna yara, har jikinsu ya sami wani ɗan kariya wanda allurar ba ta ƙara masa komai sosai. Duk da haka allurar tana kare jarirai daga munanan nau'o'in tarin fuka, kamar wanda ke kama ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ci gaba da yin ta da zarar an haifi yaro.

Abin da Aka Gani a Kaduna

Jihar Kaduna tana cikin wurare kaɗan a Afirka ta Yamma da aka tsaya aka ƙidaya wannan abu. Daga watan Agusta na 2010 zuwa Yuli na 2011, wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Dakta Gambo Aliyu sun karɓi kakin mutum 1,603 waɗanda ake zaton suna da tarin fuka, a Cibiyar Koyar da Yaƙi da Tarin Fuka da Kuturta da ke Saye kusa da Zariya, da kuma Asibitin Barau Dikko a cikin garin Kaduna. An buga sakamakon a 2013. Mutum 444 ne aka sami ƙwayar wannan gida a kakinsu. Daga ciki 375 tarin fuka ne na haƙiƙa: 354 ƙwayar da aka saba da ita, 20 africanum, ɗaya kuma ta shanu. Sauran 69, watau kashi 15 cikin 100, dangin nesa ne. Irin da ya fi yawa a cikinsu shi ne intracellulare, an kuma sami abscessus da waɗansu.

Abubuwa uku suka ƙara fitowa. Na farko, waɗanda aka samu da dangin nesa sun fi yawa cikin waɗanda suka haura shekara 35, matasan cikinsu kuma sun fi kasancewa masu ƙanjamau. Na biyu, yawancinsu madubi bai nuna komai a kakinsu ba, sai da aka yi rainon ƙwayar. Na uku, kuma shi ne ya fi jan hankali, an fi samun su a watannin hunturu. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas tana ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga wani tsohon kwarin tafki a ƙasar Cadi. Mai yiwuwa ne ƙurar ce ke ɗauko ƙwayoyin daga busasshiyar ƙasa, mai yiwuwa kuma ita ce ke tayar da tarin masu raunin ƙirji har ta kora su asibiti a gano abin da ya daɗe a ciki. Ko ta wace hanya, wannan alama ce ta ƙasarmu ta Sudan, wadda babu littafin likitanci na Turai da zai koya wa ɗalibi ita.

Wajibi ne a yi hattara da adadin nan na 69. Samun ƙwayar a kaki ba shi ne ciwo ba. Wasu ire-iren, musamman wanda ake kira gordonae, a ruwan famfo suke, suna iya shiga kwalbar gwaji daga bakin da aka kurkure ko daga ɗakin gwajin kansa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka suka shimfiɗa a 2007, aka sabunta ta tare da na Turai a 2020, ita ce ba a cewa mutum yana da ciwon sai abu uku sun haɗu: alamomin ciwo a jikinsa, da shaida a hoton ƙirjinsa, da tsirowar iri ɗaya a kaki biyu da aka karɓa a lokuta daban-daban.

Yanzu sai a ƙetare gada a dubi kudancin kogi. Wannan yanki shi ne ƙasar masana'antun Arewa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, daga baya gari ya miƙa zuwa Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora. Yawancin masaƙun sun rufe a farkon wannan ƙarni, amma ma'aikatansu da dama suna nan, sun manyanta.

Idan aka auna wannan yanki da dalilai huɗun da aka ambata, za a ga kowannensu yana da wurin zama. Ta fuskar ƙasa, ga kogi da fadamunsa inda ake noman rani, ga jar ƙurar hanyoyin da ba a yi wa kwalta ba. Ta fuskar ruwa, gida guda yakan sha daga famfo, da rijiya, da burtsatse, da jarkar 'yan ga-ruwa, ya kuma tara ruwa a tankin da kan daɗe ba a wanke ba. Ta fuskar huhu, ga dattawan da suka yi shekaru suna shaƙar ƙurar auduga, wadda aka sani tana raunana ƙirji, ga matan da ke girki da itace da gawayi, ga waɗanda suka warke daga tarin fuka da tabonsa. Ta fuskar gwaji kuwa, wurin da ke iya rainon ƙwaya ya tantance ta yana can Saye. Binciken 2010 ya ƙidaya waɗanda suka je asibitoci biyu ne, duka kuwa arewa da kogi suke. Ƙidayar ire-iren da ke ƙirjin mutanen Kakuri da Sabon Tasha, unguwa-unguwa, aiki ne da ke jiran mai yi.

Abin da Kuskure Ke Jawowa

A ɗauki misalin wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya yi tarin fuka shekara goma da suka wuce ya warke. Tari ya dawo masa, yana ramewa, hoton ƙirji ya nuna tabo da kogo. Aka ɗora shi bisa maganin tarin fuka na wata shida, watau rifamfisin da isoniyazid da firazinamaid da itambutol. Ya sha bai tsallake ko rana ɗaya ba, tari bai tafi ba. Daga nan sai zargi ya tashi: ko dai ba ya shan magani, ko kuwa ciwonsa ya zama mai bijire wa magani. A gida an ware masa kwano da ɗaki, an hana jikokinsa zuwa kusa da shi. Idan abin da ke ƙirjinsa intracellulare ne, to, duk wannan wahala a banza aka sha ta, gama biyu daga cikin magungunan nan huɗu ba su da wani tasiri a kansa, shi kuma dattijon ba ya harbin kowa.

A nan ne sanin iri ya zama tilas, domin kowane iri da maganinsa. Rukunin tagwayen yana bukatar azitromaisin ko ɗan uwansa, haɗe da itambutol da rifamfisin, a ci gaba da sha har wata 12 bayan kaki ya daina tsirar da ƙwaya. Shi kansasii yana jin rifamfisin sosai, kusan kamar tarin fuka. Shi kuwa abscessus ba ya jin ko ɗaya daga cikin magungunan nan huɗu, sai an haɗa da allurai irin su amikasin na tsawon lokaci, duk da haka warkar da shi yana da wuya. Wani majinyacin ma, idan ciwon bai yi ƙarfi ba, likita kan zaɓi ya sa masa ido kurum. Akwai kuma haɗari babba ga mai sayen azitromaisin a kantin magani yana sha shi kaɗai duk lokacin da tari ya taso, domin ta haka ƙwayar ke koyon bijire wa makami mafi ƙarfi da ake da shi a kanta.

An sami ci gaba guda mai muhimmanci. A watan Disamba na 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, Nijeriya kuma ta mai da ita gwajin farko na tarin fuka a 2016. Wannan na'ura ƙwayar tarin fuka da 'yan uwanta na jini kaɗai take ganewa. Saboda haka ta rage ɗora wa mutane maganin da ba nasu ba, amma ta bar wata tambaya: wanda na'ura ta ce ba shi da tarin fuka, alhali yana ta tari yana ramewa, ina zai nufa? Idan madubi ya nuna jan zare, na'ura kuma ta ce babu, wannan saɓani shi kansa manuniya ce da ke nuni ga dangin nesa.

Kammalawa

Kada a fahimci wannan bayani a karkace. A binciken Kaduna kashi 85 cikin 100 tarin fuka ne na haƙiƙa, shi ne mai kisa da yawa, shi ne mai yaɗuwa, gwajinsa da maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a gwada shi, wanda aka ɗora bisa magani kuma kada ya ajiye shi don ya ji labarin dangin nesa.

Abin da ya rage aikin hukuma ne da na masu ilmi. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta shimfiɗa ƙa'ida bayyananniya cewa duk wanda ya gama magani bai warke ba, da duk wanda madubi da na'ura suka yi saɓani a kansa, a aika da kakinsa Saye, sau biyu aƙalla, a kuma dawo da sakamakon asibitin da ya aika. Ya kamata a buɗe rajista inda za a rubuta irin da aka samu, da unguwar majinyaci, da sana'arsa, da ruwan da yake amfani da shi, da watan da ya zo. Cikin 'yan shekaru wannan rajista za ta nuna wa masu sayen magunguna na gwamnati abin da ya kamata su tanada, ta kuma nuna wa Hukumar Ruwa ko akwai inda bututu ko tanki ke da hannu. Ga magidanta kuwa, wanke tanki a kai a kai, da yayyafa ruwa kafin shara, da rufe hanci a ranakun hazo, musamman ga masu raunin ƙirji, abubuwa ne masu sauƙi da ba su da illa.

Ɗaliban Hausa su ma suna da nasu rabon. Muddin ma'aikacin asibiti ba shi da kalmar da zai gaya wa dattijo cewa ciwonsa ya yi kama da tarin fuka amma ba shi ba ne, dattijon zai koma gida a ci gaba da ware masa kwano. Dangin nesa suna ne na wucin gadi da aka yi amfani da shi don wannan lacca. Samar da sunan da zai zauna, wanda likita da mai shela a rediyo da tsohuwa a Makera za su fahimta daidai, aiki ne da ya kamata sassan Hausa da na likitanci na jami'o'in Zariya da Kaduna su zauna tare su yi.